Baka mai lakani da kibiya mai lakani: a ina ƙarfin yake zaune?

"Assalamu alaikum, Yaya. Mu shida ne muke haɗuwa duk daren Juma'a a wata istiraha, wato gidan shaƙatawa, a arewacin Jidda muna wasan Dungeons & Dragons, wasan tatsuniyar jarumai da dodanni da ake yi a tebur da dayis, bugu na 5, littattafan 2014. Ni nake jan wasan, kuma ban fi wata takwas da farawa ba. Maharbinmu ya samu baka mai ƙarin maki 1, daga baya na ba su kibau biyar masu ƙarin maki 2. Ya ce idan ya haɗa su yana da 3. Wani a cikinmu da ya girme mu, kuma ya daɗe yana wasan, ya ce sam, babba kaɗai ake ɗauka. Bayan haka suka gamu da dodon nan mai rikiɗa kyarkeci, wanda makami na banza ba ya kama shi, maharbin ya harbe shi da kibiya ta banza daga bakan nasa, aka sake musu. Ga kuma mai jifa da wuƙa yana cewa shi ma a ba shi ƙarin makin maharba. Sai da shayi ya huce muna gardama. Wa ke da gaskiya?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambaya ɗaya ka aiko amma uku ne a cikinta, har da 'yar ƙarama ta huɗu da ba ka ambata ba, wadda na san za ta taso muku mako mai zuwa: me ke faruwa da kibiyar bayan an harba ta. Kana son sanin ko ƙarin baka da na kibiya suna haɗuwa, ko baka yana ɗora wa kibiya ta banza lakaninsa, da kuma ko wuƙar jifa tana cikin kayan maharba. Duka ukun hanya ɗaya ake bi a warware su, wato kafin ka taɓa dayis ka tambayi kanka a ina ƙarfin yake zaune. A jikin bakan ne, a jikin kibiyar ne, ko a hannun mai harbin?

Za ka ga ina cewa "lakani" inda littafin yake nufin makamin tsafi. Haka muka saba a teburinmu tun ina jan wasa a Makka, domin dattawa a gida ba sa son jin waccan kalmar, kuma abin da ke gabanmu lambobi ne a takarda, ba su fi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi nauyi ba.

Dalilin da ya sa babbanku bai yi ƙarya ba

Kada ka raina maganar wannan da ya girme ku. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, shi kuma gidansu wani bugu ne daban. Wasan nan tun 1974 yake, lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da shi a Amurka, kuma wannan doka ta baka da kibiya ta sha juyawa. A bugu na 3 da kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 2000, ƙarin baka da na kibiya suna haɗuwa wajen samun abin hari da wajen ɓarna, amma idan aka zo ga dodo mai tauri, ƙarin kibiyar kaɗai ake dubawa. A 2003 aka yi wa bugun kwaskwarima, wanda ake kira 3.5, sai aka juya abin kaf: ba sa haɗuwa, babba ake ɗauka, amma duk kibiyar da ta fita daga baka mai lakani ana lissafa ta mai lakani a gaban tauri. Pathfinder na kamfanin Paizo, da ya fito a 2009, ya gaji wannan hukunci yadda yake. Duk wanda ya tashi da 3.5 ko Pathfinder, "babba kaɗai" ya zauna masa a ka kamar karatun allo. Ina kyautata zaton nan abokinku ya samo ta.

Amma ku bugu na 5 kuke yi, kuma shi bai ɗauko waccan jimla ba. Bayanin makami mai ƙari ya ce kana samun ƙarin a jifar dayis ta hari da ta ɓarna da ka yi da wannan makami. Bayanin kibiya mai ƙari shi ma ya faɗi haka game da ita. Babu inda aka ce ɗaya ya kashe ɗaya. Dokar da ta hana tara abu a kan abu a wannan bugu ta shafi abubuwa masu suna ɗaya ne, kamar mutum biyu su yi wa jarumi addu'ar ƙarfafawa iri ɗaya a lokaci guda, to nan ɗaya ce za ta yi aiki. Baka da kibiya kaya biyu ne, kowanne da sunansa da bayaninsa. Saboda haka maharbinku ya ci wannan: 1 da 2 sun zama 3, a hari da kuma ɓarna.

Yanzu bari mu auna abin da kuka bar shayi ya huce a kansa. Ka ɗauka maharbin mayaƙi ne a mataki na 5, zafin namansa 18, wato ƙarin 4, ƙwarewarsa 3, salon yaƙin maharba ya ba shi 2. Jimla 9 tun bai taɓa wani abu mai lakani ba. Ya fuskanci mai sulke da makin kariya 18, wato sai abin da ya jefa a dayis haɗe da jimlarsa ya kai 18 kafin ya same shi. Dayis ɗin fuska 20 gare shi, don haka kowane maki ɗaya kashi 5 ne cikin 100. Da baka na banza sai ya jefa 9 ko sama, wato kashi 60. Idan aka bi babbanku, ƙarin 2, sai ya nemi 7, kashi 70. Idan aka bi littafinku, ƙarin 3, sai ya nemi 6, kashi 75. Duk gardamar a kan kashi 5 ce da makin ɓarna ɗaya, a kibau biyar da za su ƙare kafin a tashi sallar asuba.

Inda abin yake da nauyi can gaba ne. Bugu na 5 an gina shi ne a kan lambobi kada su yi tsalle: ƙwarewa daga 2 take farawa ta tsaya a 6, kuma manyan dodanni ma makin kariyarsu bai cika wuce ashirin da 'yan kai ba, tsohon jan macijin nan mai fukafukai 22 gare shi. Maharbi a mataki na 17 da zafin nama 20, da baka mai 3 da kibiya mai 3, yana da 19 ke nan. A gaban 22 sai ya jefa 3 kawai. Idan kuma ya ɗauki baiwar gwanin saiti ta littafin 2014, wadda take ba shi damar rage 5 a hari don ya ƙara 10 a ɓarna, to ƙarin nan ya biya masa kuɗin ragin har da canji. Wannan shi ne abin da wasu masu jan wasa suke tsoro, kuma tsoronsu yana kan hanya. Sai dai maganinsa yana hannunka. Babu kasuwar da ake auna kibiya mai 3 da mudu sai in kai ka buɗe ta. A jerin tsadar kaya, mai 1 ba kasafai ake samu ba, mai 2 ta yi wuya, mai 3 ta yi wuya ƙwarai. Ka bayar da biyar, ko uku, ka ga yadda mai ita zai riƙa lallaɓa kwarinsa.

Kibiya ta banza daga baka mai lakani

Wannan ta fi ta farko daɗin bayani, domin mu Hausawa mun riga Turawa sanin hoton. Ɗan tauri ne. An ce ya sha maganin ƙarfe, wuƙa ba ta kama shi. Dodonku mai rikiɗa, a littafin dodanni na 2014, haka yake: sara da suka da duka ba sa yi masa komai matuƙar harin ba mai lakani ba ne kuma makamin ba a shafa masa azurfa ba. To me ya taɓa jikinsa? Kibiya ta banza, kara da ƙarfe. Bakan yana can nesa a hannun maharbi. Duk wanda ya ce bai kamata ta kama shi ba, hankali ya yi amfani da shi, kuma bugun 2000 ma haka ya gani.

Lokacin da littafin mai jan wasa ya fito a 2014 bai fayyace wannan ba, aka yi ta musu a kai. Daga baya kamfanin ya fitar da gyara ya ƙara jimla ɗaya a sashen makamai: idan makami mai lakani yana amfani da abin harbawa, to abin da aka harba daga gare shi ana lissafa shi mai lakani wajen keta tauri. Tarin amsoshin hukuma da ake kira Sage Advice Compendium, wanda Jeremy Crawford, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara dokokin bugun, ya riƙa kula da shi, ya maimaita haka. Idan kwafin da ke hannunka na farkon bugawa ne, mai yiwuwa ba za ka ga jimlar a ciki ba, shi ya sa nake ce wa masu jan wasa su sauke takardar gyare-gyaren a waya.

Ka lura da iyakar jimlar. Ta ce "wajen keta tauri", ba ta ce kibiyar ta zama kayan lakani ba. Idan ta kuskure aka tsinto ta, kara ce kamar kowace. Idan wani ya ɗauka ya harba da bakansa na banza, dodon zai yi masa dariya. Ƙarfin a baka yake zaune, aro kawai kibiyar ta yi na tsawon tafiyarta.

Akwai dalilin adalci ma a ciki. Mai takobi ya samu takobi mai 1, shi ke nan ya huta har ƙarshen labari. Idan aka ce maharbi sai ya samu baka ya kuma riƙa neman kibau masu lakani kowane faɗa, an ɗora masa haraji biyu ke nan a kan abin da ɗan'uwansa ya biya sau ɗaya. Waɗanda ba su da baka mai lakani kuma littafin bai bar su haka ba: zinare 100 ake biya a shafa wa kibau goma azurfa, ko mai addu'a a cikin ayarin ya taɓa bakan da dabarar nan ta mataki na 2 da take mai da makami na banza mai 1 na tsawon awa guda. In kuka koma sababbin littattafan da aka fara fitarwa a 2024, za ka tarar littafin dodanni na 2025 ya yi watsi da irin wannan tauri na "sai makami mai lakani", ita ma baiwar gwanin saiti an cire mata cinikin 5 da 10. Amma kada ka ɗebo rabi daga can rabi daga nan a tsakiyar labari.

Bayan an saki tsirkiya

Ga ta huɗun da na ce tana tafe. Kibiya mai ƙari, da zarar ta sami abin hari, lakaninta ya tafi. Haka bayaninta ya ce ƙarara. Maharbi zai iya zare ta daga gawar dodo ya mayar kwari, amma ta zama ta banza. Wadda ta kuskure kuwa ba ta sami komai ba, don haka lakaninta yana nan, in an same ta. Dokar gama-gari ta ce bayan faɗa, idan ka ɗauki minti ɗaya kana dube-dube, za ka tsinci rabin abin da ka harba. Ba ta faɗi wane rabin ba. Ka harba goma, biyu masu lakani sun kuskure, ka tsinci biyar, su waye a ciki? In ka bar wa ɗan wasa zaɓi, kullum masu tsadar ne za su tsira.

Abin da nake yi, kuma wannan nawa ne ba na littafi ba: kowace kibiya mai lakani da ta kuskure sai a jefa mata dayis mai fuska 6, daga 4 zuwa sama an same ta lafiya. Na aro shi ne daga 3.5, inda aka ce wadda ta kuskure tana da rabin damar karyewa ko ɓacewa. Sannan ina duba wurin. A cikin kogo mai bango ana iya tsinta. A bakin teku ko daga kan ganuwa zuwa cikin rairayi, sai dai a yi mata addu'a. Na taɓa samun ɗan wasa da ya sa ayari duka suka tsaya neman kibiya ɗaya alhali masu gadin gari suna tafe, kuma wannan daren ya fi duk faɗan da na shirya daɗi.

Kowane kaya na musamman kuma ka karanta nasa bayanin, domin a wannan bugu doka ta musamman tana rinjayar ta gama-gari. Kibiyar kisa, wadda aka ƙera don wani jinsin halitta, tana sa abin harin ya yi jifar tsira ta ƙarfin jiki a kan 17, in ya faɗi ya sha ƙarin dayis 6 masu fuska 10, in ya tsira ya sha rabi. Ita lakaninta yana tafiya ne bayan ta zuba wannan ƙarin ɓarnar. Ma'ana in ka harbi wanda ba jinsinta ba, ba ta ƙone ba. Bakan rantsuwa kuwa, mai ƙarin dayis 3 masu fuska 6 a kan maƙiyin da aka rantse a kansa, ƙarfinsa a jikinsa yake, kowace kibiya ka ɗora za ta ɗauka, amma sai mai shi ya ƙulla sabo da shi, kuma mutum ba ya ƙulla sabo da kaya fiye da uku a lokaci guda. Baka mai 1 na yau da kullum ba ya buƙatar wannan.

Mai wuƙar jifa

Nan ne harshe yake yi mana ƙafar ungulu. Littattafanmu da Turanci suke, teburinmu kuwa Hausa ce da Larabci ya ratsa ta, musamman in akwai haifaffun Makka ko Madina a ciki. Mai jan wasa yana karantawa yana fassarawa a take, sai jimloli biyu da Turancin ya bambanta su faɗo a kalma ɗaya, "harbi". Ɗaya tana maganar irin harin, wato an kai shi daga nesa. Ɗaya tana maganar irin makamin, wato a jadawalin makamai an jera shi cikin na nesa. Wuƙa a jadawalin tana cikin makaman gaba-da-gaba, sai dai ana iya jifa da ita, ƙafa 20 cikin sauƙi, har 60 da wahala. In ka jefa ta ka kai hari daga nesa, amma ba ta tashi daga makamin gaba-da-gaba ba.

Salon yaƙin maharba ya ce ƙarin 2 a harin da aka kai da makamin nesa. Makamin ya ambata. Don haka mai wuƙa ba ya samu, mai mashin jifa ma haka. Dogon baka, gajeren baka, baka mai kunama da majajjawa duk suna samu. Abin dariya, 'yar ƙaramar kibiyar nan ta hannu da ake jifa da ita tana samu, domin ita a jerin na nesa aka sa ta. Wannan ƙarin a hannun maharbi yake zaune, horonsa ne, kuma horon a kan wasu makamai aka yi shi. Amma in wuƙar tasa mai 1 ce, wannan ɗayan yana bin ta duk inda ta je, ko suka ya yi ko jifa, kuma ba ta rasa lakaninta don ta sami mutum, tunda ita ba kibiya ba ce. Sai dai ya taka ya je ya ɗauko abarsa.

Baiwar gwanin saiti ta 2014 ma ta rabu a kan wannan layin. Cire wahalar nisa da rashin damuwa da abin da maƙiyi ya raɓe a bayansa sun shafi duk harin makami daga nesa, don haka mai wuƙa yana ciki. Cinikin 5 da 10 kuwa ya ce makamin nesa, ba ya ciki. In ka ga ɗan wasan nan ya gina jaruminsa kacokan a kan jifa kuma yana jin an bar shi a baya, akwai salon yaƙin masu jifa da aka ƙara a littafin 2020, mai ba da ƙarin 2 a ɓarna. Ka ba shi damar sauyawa ya fi ka lanƙwasa masa na maharba.

Akwai gurbin da littafin ya bari a buɗe, kuma nan hukuncina ra'ayi ne kawai. Maƙiyi ya matso har gaban maharbi, ya ɗaga baka mai 1 ya maka masa a ka. Doka ta ce wannan makamin kama-kama ne, ɓarnarsa dayis mai fuska 4. Ƙarin 1 ya biyo? Ni ba na bayarwa, domin a ganina lakanin na saiti ne da jan tsirkiya, amma ina barin dukan ya keta tauri. Na san masu jan wasa da suka fi ni daɗewa waɗanda suke bayar da duka biyun, kuma ban ga teburinsu ya rushe ba. Haka nan duk abin da na faɗa maka a kan bugu na 5 da magabatansa ne. In kuka koma wani wasa, ku karanta nasa daga farko.

Game da daren Juma'a mai zuwa, kafin a zuba gahawa ka faɗa musu hukunci huɗun nan a dunƙule, ka rubuta a bayan takardarka ko ka tura a zaurenku na WhatsApp, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ce wa babbanku a gaban kowa dokar da ya kawo gaskiya ce a 3.5, ka nuna masa inda ta sauya. In bayan haka teburin duka ya fi son "babba kaɗai", ku ɗauka, littafin ya ba mai jan wasa wannan iko, amma sai ta fara aiki daga ranar, kuma ta hau kan maharban dodanni yadda ta hau kan naku. Abin da aka riga aka harba a makon jiya kada ka dawo da shi. In kyarkecin ya mutu ya mutu, in kuma ka hana kibiyar kama shi ya tsere, to ka samu maƙiyi mai tabo a kafaɗa da zai dawo neman maharbin a wata na gaba, kuma kibau masu 2 da suka rage a kwarin nan sun samu wanda za a ajiye su dominsa.